Neman Hanyar Keke a Tsibirin da Ban Taɓa Gani Ba

Tun ranar da 'yata ta ɗaure mini keke da sarƙa a gareji, zama ya gagare ni. In zauna a falo, in tashi, in leƙa taga, in buɗe firiji in rufe ban ɗauki komai ba. Unguwarmu Sedgefield ce, nan garin Greensboro a ƙasar Turawa, gidaje sun kewaye wani filin golf mai ciyawa luf-luf wadda ko akuya ɗaya ba a bari ta ɗanɗana. Da safe kowa ya shiga motarsa tun daga cikin gareji, ƙofa ta ɗaga da kanta, ta sauka da kanta, shi ke nan ba ka ƙara ganin ɗan Adam sai yamma. Ni da na yi ƙuruciyata da girmana a kan sirdi, ina kai barkono da daddawa daga ƙauyenmu na kudancin Kano zuwa kasuwannin kewaye, ga ni an jingine ni kamar buhun da aka tashi kasuwa ba a taya ba.

Abin da ya jawo sarƙar ba wani babban abu ba ne, a ganina. Na hau keke na tafi shagon 'yan Afirka da ke Gate City Boulevard sayo kuka. Titi ne mai faɗi, motoci na gudu kamar an koro su. Na bi gefen da nake fuskantar su, don ni tun ina saurayi ban yarda abin da zai kashe ni ya zo mini ta baya ba. Wata mata 'yar cocinmu ta gan ni, ta ɗauke ni hoto daga cikin motarta. Kafin in iso gida hoton ya riga ni.

'Yata nas ce a asibiti. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske. Na tarar da ita a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Baba, ka san irin mutanen da ake kawo mana daga wannan titin?"

"Ai ni ba a kawo ni ba, Uwata. Da ƙafata na dawo."

"To da ƙafar za ka ci gaba da yawo."

Washegari na ga sarƙa da kwaɗo a jikin keken.

Ana cikin haka aka fara maganar tafiya. Babbar 'yarta ta gama jami'a a Scotland, za mu je bikin, daga nan mu wuce wani tsibiri a can arewa mu huta 'yan kwanaki. Surukina, mutum mai shiru wanda ba ya iya kallon idona tun ranar da ya zo neman aure, shi ne ya kawo mini waya in ga hotunan wurin. Teku, ciyawa, tumaki, fararen gidaje. Ina ta cewa madalla, madalla, sai ga hoton wasu tsofaffin Turawa biyu, mata da miji, a kan kekuna. Na dafe wayar.

"Waɗannan da kekunansu suka je?"

"A'a Baba, ai ana ba da haya a can," in ji shi. Yana rufe baki ya dubi matarsa, ya gane ya yi ɓarna.

Daga ranar na hana gidan sakat. A kan tuwo maganar keke, a mota hanyar coci maganar keke. Na kawo shekarun waɗancan Turawan, na kawo gwiwata da ba ta taɓa ciwo ba, na kawo cewa likita da kansa ya ce in riƙa motsa jiki. Da ta gaji sai ta ajiye cokali.

"To Baba, ga sharaɗi. Kai za ka nemo hanyar da kanka, wadda ba motoci da yawa. Za ka hau tun daga gidan da za mu sauka har bakin teku, ni ina bin ka a mota. In ka kai ba ka sauka ba, ba ka tura ba, in mun dawo na buɗe maka kekenka ka riƙa hawa cikin unguwa. In ka sauka, na bayar da shi, kuma ba za mu sake maganar ba. Ka yarda?"

Na yarda tun kafin ta kai aya. Mutumin da ya hau tudun bayan garinmu da buhu biyu a kariyar keke, shi za a tsorata da bakin teku?

Sai ga ni da aikin neman hanya a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Surukina ya buɗe mini taswira a waya, ya ce shuɗin layi hanyar keke ne, in an matsa nan a ga tudu, in an matsa can a ga nisa. Na kalla, na kalla. Karatuna bai wuce in bi littafin waƙoƙin coci da yatsa ba, shi ma don na riga na san waƙar. Layukan nan sun yi mini kama da jijiyoyin bayan hannun tsohuwa. Na mayar masa da wayarsa, na gode.

A wurinmu ba a neman hanya a takarda. Za ka je wurin wanda ya bi ta, ka gaishe shi, ka zauna, in an gama tambayar iyali sai ka tambaye shi. Akwai yashi? Akwai rafi, kuma ana saɓa keke a kafaɗa ne ko akwai kwalekwale? Akwai hawa? Karnukan garuruwan da ke bakin hanya masu haushi ne ko masu cizo? Ina ake samun inuwa? In ya amsa maka waɗannan, ka san hanyar kamar ka bi ta. Saboda haka abin da nake nema shi ne bakin da ya je tsibirin nan ya dawo, a cikin garin Greensboro.

Na fara daga coci. Cocinmu na can East Greensboro, kusa da jami'a, kuma akwai yaranmu da yawa masu dogon karatu. Da aka tashi sujada na tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar baiko, duk wanda na san ya taɓa shiga jirgin sama sai in riƙe masa hannu. Wani da ya yi karatu a Ingila ya ce, "Ai Baba shimfiɗa ce, ko feda ba sai ka taka ba." Wani ya ce duwatsu ne zalla, amma akwai wata hanya ta gabas mai kyau. Wata ta ce in bi ta yamma. Duk cikinsu babu wanda ya ce mini bai sani ba. Ban ji haushinsu ba. Yaro mai tarbiyya ba ya barin dattijo ya tafi hannu wofi, ko hanya ce sai ya ƙera masa. Ni ma baƙi nawa na nuna wa hanyar garin da ban taɓa jin sunansa ba, na ce musu nan kusa ne? Na dawo gida da hanyoyi cike da aljihu, babu ta bi ko ɗaya.

Akwai wani abokina a cocin, Bazazzagi, tsoho kamata, ya yi ritaya daga wani kamfanin kujeru. Tun da muka haɗu a ƙasar nan ba mu taɓa rabuwa lafiya ba. Ya ji labari, ya same ni wajen shayi.

"Bakano, an ce kana neman wanda ya je Scotland. Ka bar ubangidanka a nan kana bin yara?"

"Kai ka je?"

"Sau biyu."

Da na matsa masa da tambaya sai ta bayyana cewa filin jirgin London ya sauka, ya zauna a kujera, ya sake shiga wani jirgin. Na ce masa in haka ne ni ma na je sama, don na bi ta cikin gajimare. Ya ce ai Bakano ko sama ya je sai ya tambayi kuɗin haya. Amma yana da mota, kuma shi ma zaman gida ya ishe shi, sai ya zama direbana.

Mun yi yawo. Mun je shagon kuka, mun tambayi mai shagon, ya tambayi masu saye. Mun je wurin wani mai gyaran mota da aka ce matarsa Baturiyar Ingila ce, ashe 'yar Jamus ce, kuma sun rabu. Kwanaki na tafiya, ranar tashi na matsowa, Uwata kuwa in mun haɗu a kicin sai ta ce, "Baba, ya hanya?" In ce ana nan ana yi. Na daina jin daɗin abinci. Da rana in gidan ya watse sai in shiga gareji in hau keken nan a ɗaure, in riƙa juya feda da baya, don ƙafa kada ta manta. Rannan mai kawo wasiƙu ya leƙo ya gan ni. Ya ɗaga mini hannu a hankali, irin yadda ake yi wa marar lafiya.

Bazazzagi ne ya ce mu gwada masu gyaran keke, tunda masu sana'a ɗaya sun san juna. A shago na biyu muka dace. Wani tsohon Bature mai gemu, hannu duk baƙin mai, da ya ji sunan tsibirin sai ya ajiye sifana. Kakanninsa daga can suka zo, kuma yakan je ya hau keke a can. Ya jawo mana kujeru. Turancina na kasuwa ne, ina ji amma in zan mayar sai ya watse, saboda haka Bazazzagi ya zama tafinta, yana ƙara nasa gishiri.

"Tambaye shi akwai yashi?"

Babu, sai a bakin teku. Kwalta ce duka.

"Rafi fa?"

Akwai gada.

"Karnuka?"

Na kiwon tumaki ne, ba ruwansu da kowa.

"Inuwa?"

Baturen ya yi dariya har da tari. Ya ce babu itace ko ɗaya, amma kada in damu, babu rana ma.

Ya ce hanyoyi biyu ne daga inda za mu sauka. Ɗaya babba, mai layi biyu, gajeriya, tana da ɗan hawa, manyan motoci na bi. Ɗaya kuma 'yar siririya ta gefen yamma, faɗin mota ɗaya tak, a shimfiɗe, ta fi tsawo. Ya ce a kanta mota sai jifa-jifa, kuma duk wanda ka haɗu da shi zai tsaya a gefe ya ɗaga maka hannu.

Na ce wa Bazazzagi, "Sake tambayarsa. Mai mota ne zai tsaya ya gaida mai keke?"

Ya ce ƙwarai, kowa da kowa.

Daga nan ban ƙara jin komai da kyau ba. Na tuna ya yi ta maganar iska, yana nuni da hannu daga kudu zuwa arewa, ya ce masu wayo daga kudu suke tasowa don ta riƙa tura su ta baya, mu kuwa gidanmu a arewa yake. Na ce a gaya masa na sha hawa keke a gaban hadari. Iska kuma har wani abu ce? Hankalina na kan wancan batun. Shekaru ina garin da za ka yi wa maƙwabci sallama ya dube ka kamar za ka roƙe shi, yau ga ƙasar da ake tsayar da mota don a gaishe ka. Na zaɓi siririyar hanya tun ban tashi daga kujerar ba. Da na kai wa Uwata, ta duba a waya, ta ga babu motoci, babu tudu, ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Na ji kamar an ba ni sarauta.

Bikin jikata ya yi kyau, ba shi nake son ba da labari ba. Muka shiga jirgin ruwa, muka sauka. Tsibirin kamar yadda Baturen ya faɗa yake, ba itace, ba rana. Aka karɓo mini keken haya mara nauyi, kamar na wasan yara, Uwata ta ɗaure mini hular kwano da hannunta har ta matse mini maƙogwaro. Jikata ta ce ita ba za ta iya kallo ba, ta zauna a gida. Da hantsi muka fita, ni a gaba, su biyu a mota a baya, surukina ke tuƙi.

Da na karya kwana na fuskanci kudu sai na gane abin da hannun Baturen ke nufi. Iskar da na sani takan zo ne ta wuce. Wannan ba ta wucewa. Ta dafa mini ƙirji kamar ɗan dambe ta tsaya a nan. Hanya a shimfiɗe, amma ina takawa kamar mai hawan tudun da ba shi da ƙarshe. Rigata ta cika ta zama tanti. Na sunkuya, na ce to, mu zuba.

Ban yi nisa ba sai ga mota daga gaba. Tun daga nesa ta ratse cikin wani ɗan faɗi da aka yi a gefen hanya, ta tsaya cak. Da na matso na ga dattijo ne, kai fari fat, ya ɗaga mini hannu.

Ni dai ban ba ƙafata umarni ba. A garinmu ba a wuce babba a kan keke. Tun daga nesa kake sauka, ka tura, ka rusuna, ka gaishe shi, sai ka ba shi baya sannan ka hau. An mare ni a kan wannan tun ƙafata ba ta kai feda ba. Balle kuma mai mota, wanda a can gida in ya taho kai ne za ka faɗa daji da kayanka, yau ga shi ya tsaya dominka. Kafin in yi tunani ina ƙasa, na rusuna a bakin tagarsa, ina tambayarsa gajiya da iyali. Ya sauke gilashi, ya ce wani abu game da yanayin gari, muka yi dariya ba wanda ya ji wani.

Na juyo, sai ga Uwata ta fito daga mota ta harɗe hannu.

"Baba, ka sauka."

"Gaisuwa na yi. Ke kin ga alamar gajiya a jikina? Ko so kike a ce a ƙasar mutane ubanki ba shi da tarbiyya?"

Ta dubi mijinta. Ya dubi sitiyari. Ta ce, "Na bar maka wannan."

Na hau. Tayar da keke daga tsaye a cikin iskar nan aiki ne, sai da na yi tangaɗi kamar ɗan koyo. Can sai ga wata motar, ita ma ta ratse ta tsaya. Tsohuwa ce da kare a gefenta. Na sauka. Ina cikin tambayarta gida sai wata motar ta zo ta tsaya a bayanta, wata kuma ta tsaya a bayan su Uwata. Ni da kekena mun tsaya a tsakiya, kowa na murmushi, ba mai iya motsi. Ina shirin zuwa in gaida na bayan sai surukina ya fito, ya zo kusa da ni, idonsa a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba gaisuwa suka tsaya yi ba. Hanyar ce ba ta ɗaukar biyu, suna jira ne ka wuce su tafi. Hannun da suke ɗagawa, shi ke nan gaisuwar. Kai ma ɗagawa za ka yi ka wuce."

Na ji kunya, amma ba sosai ba. Na ce masa to ai duk da haka sun tsaya.

A mota ta gaba na gwada yadda ya ce. Na saki hannu ɗaya na ɗaga, iska ta fizge kan keken, saura kaɗan in shiga cikin tumaki. Na dafa ƙasa da ƙafa, tunda kuma ƙafa ta riga ta taɓa ƙasa, sai na ƙarasa na gaida mutumin.

A nan ne abin ya fara lalacewa, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na lura cewa in na rusuna a bakin taga, motar tana tare mini iska. Numfashina yana dawowa. Wani abu da ya fara matse ni a ƙarƙashin ƙashin ƙirji yana sakina. Sai gaisuwata ta fara tsawo. Na tambayi wani mutum 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban tabbatar yana da su ba. Da na hau kuma, maimakon in duba hanya, sai in riƙa miƙa wuya ina neman mota. Ni da na zaɓi hanyar nan don ba motoci, ga ni ina roƙon Allah ya kawo ko tarakta.

Uwata ta sa aka matso da mota kusa da ni, ta sauke gilashi.

"Baba, yanzu ban san wace sauka ce ta ladabi ba, wace ce ta ƙirji."

"Duk ta ladabi ce."

"To daga nan zuwa teku, in ba wanda ya girme ka ba, kada ka sake sauka. Ɗan yatsa kawai za ka ɗaga, hannunka na kan keke. Mun yi haka?"

Na ce mun yi.

Sai motoci suka ɗauke ɗif, kamar an gaya musu. Hanya ta miƙe tsakanin ciyawa da ciyawa. Yayyafi ya fara, ba daga sama yake zuwa ba, daga gaba. Ina hango tekun, fari-fari a ƙarshen ƙasa, ina takawa ba ya matsowa. Gwiwar da na yi ta alfahari da ita lafiyarta ƙalau, ba ita ba ce. Abin nan na ƙirji ne ya dawo, ya kawo ɗan'uwansa a kafaɗa. Bakina ya bushe a cikin ruwan sama. Ina jin ƙarar motarsu a baya, a hankali, a hankali, kamar mai bin gawa. Na tuna kekena a gareji, jan nan mai ƙararrawa, na ƙara taka feda. Na duba dama, tumaki. Na duba hagu, tumaki. Ko cikinsu babu wanda ya girme ni.

Can sai na hango shi. Ɗan nesa da bakin hanya, a kan wani ɗan tudu, wani dogon dattijo a tsaye, ya ɗan ranƙwafa, ya lulluɓa da bargo mai ruwan toka, ya juya wa iska baya. Na ce Allah na gode. Na ja burki, na sauka, na tura keken cikin ciyawa, na je gabansa na rusuna.

"Barka da hutawa, Baba. Ya sanyi?"

Dutse ne. Irin dogayen duwatsun nan da mutanen zamanin da can suka kafa a tsibirin, ba wanda ya san dalili. Gansakuka ce bargon. Kada a tambaye ni daga ina na gane dutse ne. Idona ba shi da kyau a ruwa, wannan gaskiya ne. Amma kuma ba makaho ba ne ni.

Na zauna a gindinsa, ya tare mini iska kamar yadda babba ya kamata ya yi. Na ji an rufe ƙofar mota. Uwata ta tako cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da takalmanta masu kyau, ta tsaya a kaina. Na ɗaga kai.

"Kin ce wanda ya girme ni. Tambayi mijinki shekarun dutsen nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta kwance mini hular kwano, ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu tana kallon agogo. Surukina ya ɗauki keken ya sa a bayan mota ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Baba, ƙafa ce ko ƙirji?"

Na yi niyyar in ce ƙafa. Na ga fuskarta, ruwa na bin ta, ban san ko duk na sama ne ba.

"Ƙirji ne, Uwata."

"Tun yaushe?"

"Tun Gate City."

A mota na ga tekun. Yana da kyau. Ban fita ba.

Da muka dawo Greensboro aka kai ni wurin likitan zuciya, aka yi abin da za a yi, aka ƙara mini ƙwayoyi a kan waɗanda nake sha. Uwata ta cika maganarta, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Keken ta ba wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke zuwa cocinmu, yana zaune kusa da jami'a, ba shi da mota. Bazazzagi kuwa ya samu abin yi har ƙarshen rayuwarsa. Duk Lahadi sai ya tare ni.

"Bakano, me dutsen ya ce?"

"Ya ce in gaida Zage-zagi, danginsa."

Zama har yau bai zauna mini ba. Ina tafiya da ƙafa yanzu, likita ya yarda, ina zagaya filin golf ina kallon ciyawar da ake ɓarnatarwa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron nan ɗan Maraɗi. Mutumin kirki ne, yana gaishe ni har ƙasa, amma bai san keke ba. Ya sauke sirdin har gwiwarsa na neman taɓa haɓarsa, kuma bai taɓa sa wa sarƙa mai ba. Tun daga bakin titi nake jin zuwansa, ƙiii, ƙiii, ana tsakiyar addu'a. Rannan na kasa daurewa. Na fita kafin a yi albarka, na sami keken a jingine a jikin katanga, na tsuguna da 'yar kwalbar man da na ɓoyo a aljihun babbar riga, ina ɗiga wa sarƙar ina juya feda da hannu. Mai ya ɓata mini hannun riga. Ban ji fitowar jama'a ba sai da inuwa ta rufe ni.

"Baba, me kake yi?"

"Ba hawa nake ba, Uwata. Duba, ƙafata biyu a ƙasa."

Ta dubi hannun rigata. Sannan ta buɗe jaka ta miƙo mini hankici, ta ce in na gama in ɗaga masa sirdin ma, ita ma abin yana ba ta haushi.